Aljihun ɗan majalisa ko bakinsa: wanne Taraba ta fi buƙata?

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya bi ta ƙofar gidan wani ɗan majalisa a Jalingo ya san abin da zan faɗa. Tun gari bai gama wayewa ba tabarmi sun cika. Ga dattijo da takardar magani a ninke cikin leda, ya riƙe ta da hannu biyu. Ga wata baiwar Allah da katin asibitin 'yarta, an ce sai an yi mata aiki, an yanka musu kuɗin da ko an sayar da awakin gidan kaf ba za su kai ba. Ga saurayi yana neman kuɗin mota zuwa asibitin Kaltungo, kububuwa ta sari ƙanensa a gona. In honarabul ya fito sai ya sa hannu a aljihu, a yi masa addu'a, a watse. Gobe kuma wasu ne. A cikin wannan taro babu wanda ya zo ya tambaye shi abin da ya ce jiya a zauren majalisa.

A kan wannan taron ƙofar gida wasu mutum biyu da nake zama da su a wata majalisar shayi a Sabon Gari suka shafe makonni suna ja-in-ja. Ɗaya dattijo ne, tsohon akanta, ya soma aikin gwamnati tun zamanin Gongola, yana cikin waɗanda suka kwaso fayil-fayil daga Yola suka taho Jalingo bayan an ƙirƙiro Taraba ranar 27 ga Agustan 1991. Ɗayan bai kai hamsin ba, ya yi shekara takwas yana riƙe wa wani ɗan majalisa jaka, shi ne ma mai rubuta sunayen masu zuwa neman taimako.

Dattijon ya ce, "Duk nairar da honarabul ya zaro ya biya wa mutum magani, shaida ce cewa akwai tambayar da bai yi wa gwamnati ba."

Mai jakar ya ce, "Baba, tambaya ba ta sauke zazzaɓi. Matar nan da ke naƙuda, kwamiti za ta jira?"

Na fi karkata ga dattijon, ba zan ɓoye ba. Amma maganar mai jakar tana da nauyin da bai kamata a ture ta da ƙafa ba, kuma yawancin masu zagin 'yan majalisa a rediyo da Facebook ba su taɓa tsayawa sun saurare ta ba.

Hujjarsa ta farko ita ce, wanda ke riƙe da tulu shi ke da ikon ruwa. Majalisar Dokokin Taraba kujeru 24 gare ta, kuma kusan kowane mai kujera ya san tikitinsa na zaɓe mai zuwa yana bi ne ta hannun jam'iyya, jam'iyya kuwa a jiha tana jin maganar gwamna. Ko kuɗin gudanar da majalisar, an daɗe sai ɓangaren zartarwa ya ga dama yake saki. An gyara tsarin mulki a 2018 don majalisun jihohi su riƙa karɓar kuɗinsu kai tsaye, gwamnoni suka yi biris. Shugaba Buhari ya fitar da umarni na musamman mai lamba 10 a watan Mayun 2020 don tilasta su, ma'aikatan majalisu suka yi dogon yajin aiki a 2021, sai Kotun Ƙoli ta soke umarnin a Fabrairun 2022, aka sake wani gyaran tsarin mulkin a Maris na 2023. Mai jakar ya ce mutumin da motarsa da man motarsa da kujerarsa duk suna hannun wani, in ka ce ya miƙe ya turke wannan wanin a bainar jama'a, ka ce masa ne ya haɗa kayansa. Ya faɗi zaɓe, a kawo wanda bai ma san inda ake buɗe kundin kasafi ba.

Ta biyu ta fi zafi, domin mu take nunawa. Ya ce a shekara takwas ɗinsa bai taɓa ganin an ƙi zaɓen mutum don bai yi magana a majalisa ba, amma ya ga an kayar da mutum don bai zo ta'aziyya ba, ko don ƙofarsa a rufe take. Talaka da aljihu yake auna wakilinsa. Sannan ga yanayin Taraba: Mumuye, Jukun, Fulani, Tibi, Kuteb, Chamba, Mambila, Wurkun, Jenjo, Hausawa da wasu da yawa, ga masallaci ga coci. Ka gayyaci kwamishina ka titsiye shi a kan kuɗin magunguna, kafin magariba labari ya koma wai 'yan ƙabila kaza sun taso ɗan ƙabila kaza a gaba. A ganinsa wakili mai hankali shiga yake wurin gwamna da dare, ya roƙi a gyara asibitin garinsu, a gyara, ba wanda ya ji kunya. Da lallami ake fitar da bakin zare, in ji shi.

Ya kuma kawo wata da ta sa dattijon yin shiru na ɗan lokaci. Ya ce shi kansa sa idon da majalisa ke yi ai sau da yawa kasuwa ce. Kwamiti ya fita rangadin duba ayyuka, a tarbe shi da abinci da ambulan, ya dawo ya ce komai lafiya. Ya tuna mana da Faruk Lawan na Kano, wanda kwamitinsa a Majalisar Wakilai ya bankaɗo badaƙalar tallafin mai a 2012, ƙasa ta ɗauka da tafi, daga baya kotu ta same shi da laifin karɓar dala 500,000 daga ɗan kasuwa Femi Otedola, ta ɗaure shi a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da shekara biyar a 2024. "To Baba," ya ce, "in mai gadin ma sai an yi gadinsa, ina amfanin?"

Nan ne ni da dattijon muka rabu da shi, kuma tarihin majalisar Jalingo ɗin kanta ya raba mu.

Ba gaskiya ba ne cewa majalisar nan ba ta da haƙora. Mun gan su. Ranar 4 ga Oktoban 2012 ta tsige mataimakin gwamna, Sani Abubakar Danladi, aka naɗa Garba Umar a gurbinsa. Mako uku bayan nan, ranar 25 ga wata, jirgin da Gwamna Danbaba Suntai ke tuƙawa da kansa ya faɗi kusa da Yola, aka fita da shi jinya Jamus da Amurka, Garba Umar ya zama muƙaddashi. Da aka dawo da Suntai a Agustan 2013, bayan wata goma, aka kai wa majalisa takarda cewa ya koma aiki. 'Yan majalisa 16 cikin 24, ƙarƙashin kakakinsu Haruna Tsokwa, suka ce sun gan shi da idonsu, bai warke ba, muƙaddashi ya ci gaba. Ko ma mene ne ra'ayinka a kan wannan mataki, majalisa ce ta dubi takarda mai ɗauke da sunan gwamna ta ce a'a. Daga baya, ranar 21 ga Nuwamban 2014, Kotun Ƙoli ta ce tsigewar Danladi ba ta inganta ba domin ba a ba shi cikakkiyar damar kare kansa ba, ta mai da shi kujerarsa. A cikin waɗannan shekaru biyu an yi zaman gaggawa, an tara sa hannu, an sauya kakaki, an kwana ba barci. Duk a kan wa zai zauna a kujera.

Abin da ke damuna ke nan. Ƙarfin da aka nuna a kan kujera, irinsa ake buƙata a kan gado a asibiti da gada a kan kogi. Kuma tsarin mulkin 1999 bai ce sai an tsige kowa ba kafin a yi hakan. Sashe na 120 da na 121 sun ce ba a taɓa kuɗin jiha sai da amincewar majalisa. Sashe na 128 ya ba ta ikon binciken kowace ma'aikata don tona almundahana da sakaci da ɓarnar dukiya. Na 129 ya ba ta ikon kiran kowa ya zo da takardunsa, in ya ƙi a sa a kawo shi. Na 125 ya wajabta wa babban mai binciken kuɗi na jiha ya miƙa mata rahotonsa cikin kwana 90 da karɓar lissafin babban akanta, ita kuma ta ba kwamitin bin diddigin kuɗin jama'a ya zauna a kai. Tsakanin yin shiru da tsige gwamna akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa aikin wakili yake.

Sakamakon barin wannan fili ya zama kufai, Taraba ta ɗanɗana shi. A watan Mayun 2018 wata babbar kotu a Abuja ta ɗaure tsohon gwamna Jolly Nyame shekara 14 a kan karkatar da naira biliyan 1.64, ciki har da miliyan 250 da aka fitar da sunan sayen kayan rubutu na ofis. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 12, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2020, aka yi masa afuwa a 2022. Dattijon ya daɗe a kan miliyan 250 ɗin nan. Ya ce a matsayinsa na akanta, takarda da biro na wannan kuɗi a wancan zamani sai an nemi rumbunan da za a zuba su, kuma tambaya ɗaya ce tak: ina sito, ina rasit? Shari'ar ba daga zauren Jalingo ta taso ba, hukumar yaƙi da almundahana ta EFCC ce ta shigar da ita a 2007, aka yi shekara goma sha ɗaya ana fafatawa. A 2024 kuma hukumar ta gurfanar da tsohon gwamna Darius Ishaku a kan zargin naira biliyan 27, zargin da ya musanta a gaban kotu. Hukunci na alƙali ne. Abin lura shi ne, a duka biyun an tashi tambaya ne bayan mai mulki ya sauka, kuma daga Abuja. Tambayar da aka yi a makare tana iya ɗaure mutum, amma ba ta mai da maganin da ba a saya ba, ba ta kuma tada wanda ya mutu a kan hanyar asibiti.

Bari in dawo kan lafiya, domin a nan ne dattijon ya koya mini abin da ban sani ba. Ya ɗauki tsinke ya ja layi uku a ƙasa. Ya ce kowane aiki na gwamnati lamba uku gare shi: abin da aka ware a kasafi, abin da baitulmali ya saki, da abin da ya isa wurin. A watan Disamba, in gwamna ya gabatar da kasafi, ta farko kaɗai ake karantawa a rediyo. Ana iya ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari, kamar yadda shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a Afrilun 2001, a yi ta tafi, shekara ta ƙare ba a saki rabi ba. Ya sa tsinken tsakanin layi na ɗaya da na biyu ya ce nan ne kwamishinan kuɗi zai yi bayani. Ya matsa tsakanin na biyu da na uku ya ce nan ne babban sakatare da ɗan kwangila za su yi bayani. Mutanen da ke kan tabarmar honarabul kuwa, ya ce, a cikin waɗannan ramuka biyu suka faɗa.

Kuma lambobin ba a ɓoye suke kamar da ba. Tun da Bankin Duniya ya kawo wani shiri a 2018 da ke ba jihohi tukuici in sun bayyana lissafinsu, jihohi suka soma wallafa kasafi da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku a intanet. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da nufin kowace gunduma ta sami asibitin sha-ka-tafi guda mai aiki. Taraba gunduma 168 gare ta. Wato kowane ɗan majalisa bakwai-bakwai ke kansa in an raba daidai. Mutum ɗaya da mota ɗaya, a mako guda zai zagaya asibiti bakwai, ya buɗe kabad ɗin magani, ya duba littafin shiga da fita, ya tambayi ungozoma yaushe kuɗin wata ukun nan suka shigo, ya ga ko firjin rigakafi yana sanyi. Ya dawo zaure ya karanta abin da ya gani a rubuta shi a kundin majalisa. Wannan ba zagin gwamna ba ne, ba kuma taɓa ƙabilar kowa ba ne. Kowane rani zazzaɓin Lassa na dawowa, Taraba na cikin jihohin da ya fi yi wa ɓarna, masu tsanani kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo ake kwaso su daga nesa. Mutanen Karim Lamido sun san lokacin da saran maciji ke yawaita kamar yadda suka san lokacin shuka. Abin da ke zuwa da lokacinsa, ana iya tambayar shirin da aka yi masa kafin ya zo.

A kan hanya, mai jakar ya sami abin riƙewa, kuma na ba shi rabin gaskiya. Gadar Namnai da ke Ƙaramar Hukumar Gassol, a kan babbar hanyar Jalingo zuwa Wukari, ruwa ya cinye ta a Agustan 2024. Aka wayi gari hanyar da ta haɗa arewa maso gabas da Binuwai da kudancin ƙasar nan ta yanke. Fasinja ya sauka ya shiga kwalekwale, ƙananan motoci su jira fito, manyan motoci su yi dogon zagaye, kuɗin mota da na doya da masara su tashi. A Yulin 2025 jirgin ruwa ya kife a mashigar, aka yi asarar rayuka. Mai jakar ya ce hanyar ta tarayya ce, majalisar jiha ba ta da iko da ita. Sanatoci uku da wakilai shida da Taraba ke da su a Abuja, ko sun gabatar da ƙuduri, ƙuduri shawara ce, minista ya ga dama ya bi ya ga dama ya ajiye. Abin da ke motsa irin wannan aiki, in ji shi, bin ofis-ofis ne da kamun ƙafa.

Haka ne, ƙudurin majalisa ba umarnin kotu ba ne. Sai dai kasafi doka ne, kuma kasafin ma'aikatar ayyuka da na hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA sai ya bi ta gaban kwamitocin majalisar tarayya kowace shekara, inda minista ke zama ya kare shi layi-layi. A wannan zaman ne wakili ke da wuƙa. Sannan gada ba ta faɗuwa rana ɗaya, ruwa kan yi shekaru yana cin gindinta. Mutanen Jalingo ba su manta da ambaliyar Agustan 2005 ba, da gadar Nukkai ta rufta da jama'a a kanta. Jihar da Binuwai da Donga da Taraba suka ratsa, ga ƙananan koguna bila adadin, ya kamata a ce kowace shekara kafin damina akwai wanda ke miƙewa a Jalingo da Abuja ya nemi a kawo jerin gadoji, da ranar da injiniya ya duba kowace, da abin da ya rubuta. Kamun ƙafa yana zuwa ne bayan gada ta faɗi. Kuma aibinsa shi ne ba ya barin shaida: in an yi maka alkawari a falo da dare aka saɓa, wa za ka gaya wa?

Maganar kuɗi kuwa yanzu ta fi kowane lokaci girma. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. A Agustan shekarar, Gwamna Agbu Kefas bai cika wata uku a ofis ba, majalisar jiha ta amince masa ya ci bashin sama da naira biliyan 206 daga bankunan kasuwanci. Bashi ba laifi ba ne, jihar da ke da nisa irin na Jalingo zuwa Gembu ba za ta ginu da kason wata-wata kaɗai ba. Amma wanda ya sa hannu aka ci bashi da sunan jama'a ya ɗauki nauyin dawowa ya gaya musu nawa aka karɓa, a kan wane ruwa, nawa ake cirewa duk wata, wane aiki aka yi da shi, a wane gari. Gwamna mai aiki da gaskiya ma wannan kariya ce gare shi, domin lissafin da aka tantance yana kan mulki ba ya zama abin tuhuma bayan ya sauka.

Batun Faruk Lawan kuma, ni darasin da na ɗauka dabam ne. Zaman kwamitin da aka yi a gaban kyamara shi ya nuna wa ƙasa yadda ake biyan tallafi a kan man da bai shigo ba. Cinikin da ya kai shi kurkuku a ɗaki aka yi shi. Maganin ambulan shi ne a buɗe ƙofa. A Ghana tun 2007 kwamitin bin diddigin kuɗin jama'a yake zamansa a bainar jama'a. A Ingila irin wannan kwamiti yana nan tun 1861, kuma ɗan adawa ake ba shugabancinsa, al'adar da majalisar tarayyarmu ma ta ɗauka. Babu abin da ya hana Jalingo yin haka, a sa zaman a rediyon jiha, a fassara shi da Hausa da Fulatanci da Mumuye da Jukun.

Inda har yau ban iya kayar da mai jakar ba shi ne maganar da ya yi a kanmu. Tsarin mulki ya ba mu kiranye a sashe na 110, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, kuma da aka gwada irinsa a kan Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018, kashi biyar da 'yan kai ne kawai suka fito tantancewa. Saura ƙuri'a. In muka ci gaba da kayar da mai tambaya muna zaɓen mai rabo, ba mu da bakin kuka. Ba kuma zan ce honarabul ya rufe ƙofarsa ba. Mai naƙudar nan gaskiya ba za ta jira kwamiti ba, a biya mata, Allah ya ba da lada. Abin da nake nema shi ne takardar maganin da aka biya da safe ta bi shi zuwa zaure da hantsi, ya ɗaga ta ya ce wannan magani yana cikin waɗanda aka ware wa kuɗi, me ya sa babu shi a asibitin gundumarmu?

Makon da ya wuce dattijon ya zo da takarda ya rubuta da hannunsa, zuwa ga wakilin mazaɓarsu. Tambaya uku ce a kan asibitin ƙauyensu: nawa aka ware bara, nawa aka saki, wa ya sa hannu ya karɓa. Ya ce zai kai gidan honarabul da asuba.

Mai jakar ya karɓa ya karanta har ƙasa, ya girgiza kai. Ya ce, "Baba, in ka kai gida za a ɗauka kuɗin magani kake nema, a ba ka dubu biyar a sallame ka. Ofishin magatakardan majalisa ake kaiwa, a yi kwafi biyu, a buga hatimi a kan naka da kwanan wata. Ranar Litinin ka shirya da wuri, ni zan raka ka, na san ƙofar."